Gari na Goma Sha Ɗaya

A zamanin da na fara sauka Agege, a Ikko, mutum yana iya barin asalinsa a bakin gadar Jebba ya ƙetare, ba wanda zai biyo shi da shi. Wasiƙa takan yi wata biyu a hanya, in ma ta iso. Wanda ya san ka a gida sai dai ku yi kiciɓis a kasuwa, Ikko kuwa tana da faɗi. Yau in ka tsaya sayen rake a Iyana Ipaja wani zai ɗauke ka hoto da waya, kafin ka tofar da tukar farko an gan ka a ƙauyenku. Na daɗe a zamanin farko har na sakankance, sai na biyun ya same ni da furfura.

Sunana Mamman. A Agege Alhaji Tafinta ake ce mini, saboda ina jin Faransanci da Yarbanci da Turanci da Larabcin kasuwa. Daga ƙasar Adar na fito, a Nijar, wani ƙauye da ake kira Tsamiyar Goje. Kakana bawa ne a gidan maigarin ƙauyen. An hana bauta tun kafin a haifi ubana, amma a garinmu hanin bai shiga zaure ba. Ba a dukanmu, ba a sayar da mu. Sai dai mu ne masu yanka da fiɗa in ana suna ko biki a gidan maigari, mu ne masu haƙa kabari, ba ma jan salla, ba ma hawa tabarmar da 'ya'yan gida suka zauna. Abin da na baro ke nan.

A Ilori aka fara koya mini hankali. Motar albasar da na biyo daga Ƙonni ta tsaya, direban ya ce in je in yi azahar, zai jira ni. Na sallame na dawo na tarar da wurin wayam, ya tafi da jakata da bargona da takardar shaidata. Kwana uku ina yawo a tasha, ba na jin abin da kowa yake faɗi. Wata mai sayar da dafaffen wake ta lura da ni, kullum sai ta zuba mini a ganye ta kau da kai, kada in ji kunya. Ban san sunanta ba har yau. A rana ta huɗu wani mai shanu ya ce yana neman wanda zai shiga taragon jirgin ƙasa tare da dabbobi, ya riƙa tayar da duk wadda ta faɗi kada 'yan'uwanta su tattake ta. A tsaye na iso Ikko, tsakanin ƙahonni, kashin shanu har gwiwa.

A mayanka ta Agege na haɗu da Baba Sanda, mahauci, mutumin wani ɗan ƙaramin ƙauye na ƙasarmu mai suna Kukar Baƙo. Ya ji harshena ya gane ni ɗan Adar ne, ya ba ni wuƙa ya ga fiɗata, ya ce in biyo shi gida. Da muka isa ya shimfiɗa tabarma, aka kawo tuwo, ya zauna. Ni kuma na tuɓe takalmi tun daga nesa, na tsuguna a ƙasa a gefen tabarmar, ina jiran ya gama ya turo mini kwanon. Ban yi tunani ba, jikina ne ya yi.

Ya dube ni ya ce, "Hau tabarma."

Na kasa. Sai ya gane duk abin da ban faɗa ba. Bai tambaye ni gidan wa ba. Ya ce daga yau ni ɗan ƙanensa ne daga Kukar Baƙo, kuma kada in sake tsugunawa haka a gaban kowa, don mutanen ƙasarmu suna da ido. Mako guda ya yi yana koya mini zama, kamar yadda ake koya wa jariri: yadda zan naɗe ƙafa, yadda zan miƙa hannu cikin kwano ba tare da na jira izini ba, yadda zan dubi dattijo a fuska. Na fi shan wuyar wannan darasi a kan Yarbanci.

Dalilin tsoronsa shi ne ƙungiyar mutanen ƙasarmu da ke Agege, wadda kowa ke kira Tabarma. Ita ke ba baƙo ɗakin kwana, ita ke sama masa wurin sauke albasa a kasuwar Mile 12, ita ke kai mara lafiya asibiti, ita ke binne mamaci. Kowane ƙauye, babba ko ƙarami, yana da mutum biyu a kan tabarmar shawara, ana yanke magana da ɗaga hannu. Ƙauyuka shida ne a lokacin, kuma sun rabu uku da uku. Ukun farko, masu riƙo, sun zo da al'adar gida har Ikko, suna son jikokin bayi su ci gaba da yanka da haƙa kabari da zama a ƙasa. Uku na biyu, masu saki, suna cewa kowa ya hau tabarma, aiki kuma ya zagayo kan kowa. Duk shekara bayan Babbar Salla a tayar da maganar, hannu ya zo daidai, a ajiye ta. In ban da ni, babu ɗan Tsamiyar Goje ko ɗaya a Ikko, don mutanenmu arewa suke zuwa cin rani, ta Agadas. Duk da haka in aka ce baƙo ya sauka daga gida, ba na yarda mu haɗu sai na ji sunan garinsu.

Wannan fargaba ce ta sa na karɓi aikin tafinta wurin wani mai safarar fata. Na zauna Abijan, na zauna Tarabulus, na yi shekaru a Jidda. Ko'ina na je na tarar da irin tabarmar nan da wani suna. A Abijan na ga mutanen bakin kogin Senegal suna hayar ɗaki guda, amma an san wanda zai ɗora tukunya. A Tarabulus kuwa duk baƙar fata suna ɗaya ake kiranmu da shi a titi, ɗan sarki da ɗan bawa, sunan kuma shi ne wanda na gudu daga gare shi. Kewar gida tana damuna, amma in na tuna gida sai in tuna inda zan zauna in na koma. Uwata ta rasu ina Jidda, sai bayan shekara na ji daga bakin wani alhaji da bai san wa yake gaya wa ba. Na ce Allah ya jiƙanta, kamar yadda ake faɗa wa uwar wani.

Daga nan na faɗa Amurka, birnin St. Louis a jihar Missouri, ina yanka a wata mayanka ta Musulmi. Sanyin wurin yana tsaga leɓe. Ranar Asabar nakan je ɗakin karatu na unguwa, inda wata tsohuwar malamar makaranta, baƙar fata, Malama Ruth, take koya wa baƙi Turanci kyauta. Ita ta ba ni rigar sanyin mijinta da ya rasu, da ta ga ina zuwa da riguna uku a haɗe.

Wata Asabar ta zo da wake kala biyu, fari da ja, ta shimfiɗa taswirar ƙasarsu. Ta ce a da jihohin kudu suna riƙe da bayi, na arewa sun daina, kuma kowace jiha, komai ƙanƙantarta, kujera biyu take da su a majalisar dattawa. Muddin jihohin sun zo daidai, ba wanda zai rinjayi wani. Amma ƙasar tana faɗaɗa yamma, sababbin yankuna suna neman a karɓe su. Ta ɗora jan wake biyu a kan Missouri ta ce, to ga wannan ta zo da bayinta, in ta shiga kudu ta yi rinjaye. Aka yi ta rigima har aka samo wata a can arewa, Maine, aka shigar da su tare, aka ja layi a taswira aka ce daga nan zuwa sama ba bauta. Ta ce sai kowa ya yi ajiyar zuciya, alhali ba a warware komai ba. Duk yankin da ya sake ƙwanƙwasa ƙofa, ba a tambayar ko mutanensa suna bukatar hanya ko kotu, sai dai a tambayi wane wake zai kawo. Daga baya aka ce mazauna yanki su zaɓa da kansu, sai kowane ɓangare ya riƙa tura mutanensa da bindigogi su je su zama mazauna. Ƙarshenta yaƙi.

Tana tattara waken sai ta dube ni ta ce, "Mamman, a wajenku fa? Akwai sauran abin?"

Na ce an gama da wannan tun zamanin kakanni. Ta ce madalla. Ina sanye da rigar mijinta na yi mata wannan ƙarya, ranar ban iya cin abinci ba.

Da na gaji da sanyi na dawo Agege, na buɗe shagon fata, na auri Hajiya Rabi, haifaffiyar unguwar. Baba Sanda ya tsufa, da ya rasu aka ba ni gurbinsa a kan tabarma da sunan Kukar Baƙo, ɗaya daga ƙauyukan masu saki. Har jan salla nake yi in liman ya yi tafiya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, na tarar ƙauyuka sun zama takwas, kuma ba wanda ya taɓa jin labarin Missouri, amma sun gano dabarar da kansu: ba a karɓar ƙauyen masu riƙo sai an samo na masu saki a shigar da su rana ɗaya. A gabana aka shigar da na tara da na goma haka. Na ga dattawa suna aika waya gida suna neman ƙauyen da zai dace da hannunsu, suna biya wa samarinsa mota su zo su zama mazauna Ikko.

Sai hanyar arewa ta lalace, mutanen da suka saba bin Agadas suka juyo kudu. Wata Lahadi bayan la'asar, muna zaune a zauren da ke bayan masallaci kusa da layin dogo, Alhaji Ɗanjuma, babban dillalin albasa kuma jagoran masu riƙo, ya ce akwai ƙauye na goma sha ɗaya da ke neman shiga, Tsamiyar Goje. Kowa ya san ƙauyen na masu riƙo ne, kuma ba a sami abokin shigarsa ba.

Ni na fi kowa tsayawa a kan kada a karɓe su. Na kawo labarin Amurka tun daga wake har yaƙi, na ce duk ranar da aka karɓi ƙauye ba aboki, ranar Tabarma ta mutu. Alhaji Ɗanjuma ya bari na gama, ya ce, "Allah ya gafarta Tafinta, mu albasa muka sani, ba wake ba. In yaƙin ne ma, wuƙaƙen duk suna hannun mahautanku, mu da buhu za mu kare kanmu?" Aka yi dariya. Sannan ya daina murmushi ya ce mutanen nan Musulmi ne, 'yan ƙasarmu ne, damina ta sauka, a ƙarƙashin tireloli suke kwana a Apapa, bakin tashar jiragen ruwa. Gaskiya ya faɗa, ko da yake hannu biyun yake so. Ni ma gaskiya na faɗa, ko da yake kaina nake karewa. Aka ɗage maganar wata guda, aka sake ɗagewa, har sau uku. Mutanena na masu saki suna yaba mini, ni kuwa na rame, in mota ta tsaya ƙofar shago sai in leƙa in ga wa zai sauko.

Wata ranar Talata da hantsi wani dattijo mai kodaɗɗiyar riga ya yi sallama a shagona. Ya dube ni ya ce, "Mamman na Bawa." Bawa sunan ubana ne.

Alhassan ne, ɗan maigarin da muka tashi tare, wanda nake riƙe wa akalar jaki in za shi rijiya. Wani ya nuna masa hotona a waya, an ɗauka a wani ɗaurin aure, ya gane tabon da ke girata. Na miƙe tsaye, sai na ji ƙafata tana neman fita daga takalmi, a cikin shagona, bayan shekara arba'in da wani abu. Da ƙyar na danne ta. Na ba shi kujera, ya zauna a bakin-bakinta kamar mai neman aiki.

Ya ce bai zo tona ni ba, bai gaya wa kowa ba, ba kuwa zai faɗa ba. Gonakin sun gaji, shi ya sa ya biyo matasa da tsufansa. Abin da ya kawo shi, a cikin masu kwana a Apapa akwai Illa, ɗan ƙanwata Hadiza, magidanci mai 'ya'ya biyar, ƙarfe ya yanke shi a ƙafa, ta kumbura, ba ɗakin da za a kwantar da shi. Na tambaye shi, in an karɓe su, da wa zai ɗaga hannu. Bai ɓoye ba.

"Da su Ɗanjuma. In na yi wani abu dabam, kafin magariba an ji a gida. Ka san gidanmu."

Washegari na hau danfo, motar haya, zuwa Apapa. Na bi layin tireloli cikin taɓo da baƙin mai har na same su. Illa yana kwance a kan kwali ƙarƙashin wata tanka, ya ɗora ƙafar a kan taya. Fuskar uwata ce sak, har yadda take ƙanƙance ido. Da ya ga alhaji da babbar riga ya yunƙura zai sauka daga kwalin ya tsuguna a taɓo, da ƙafar nan. Na ce ya kwanta. Na sa aka kai shi asibiti, na ce sadaka ce daga wani bawan Allah. Ya yi ta godiya yana ce mini ranka ya daɗe. Wata uku ke nan ni ne na hana shi ɗaki.

Da na koma gida na gaya wa Hajiya Rabi komai, tana tsince shinkafa. Ta ci gaba da tsintarta. Daga baya ta ce ita a Agege aka haife ta, ba wanda ya taɓa tambayarta ko kakanta da ƙafarsa ya zo ko a ɗaure aka kawo shi. Abin da ya ɓata mata rai shi ne 'ya'yanta suna da gwaggo a duniya ba su sani ba. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, a na uku ta tambayi wane asibiti.

Tabarma tana da doka a kan sabon ƙauye: gurbi na farko na wanda ya fi kowa daɗewa a Ikko ne daga cikin 'yan ƙauyen, na biyu su zaɓa. An yi ta ne don kada baƙin jiya su zo su yi wa mutane shawarar garin da ba su sani ba. Ranar Lahadi da aka tayar da maganar karo na huɗu, zauren ya cika, mutanen Tsamiya suna tsaye a waje. Na ce na janye, a karɓe su. Mutanena suka juyo suna kallona. Alhaji Ɗanjuma ya ce Allah ya yi wa Tafinta albarka, yau wake ya nuna. Aka ɗaga hannu, aka karɓa. Alhaji Ɗanjuma ya ce Alhassan ya shigo ya hau gurbi na farko.

Na miƙe. Na ce, "Gurbi na farko nawa ne. Ni ba ɗan Kukar Baƙo ba ne. Sunana Mamman ɗan Bawa, daga Tsamiyar Goje, ubana shi ke yanka a gidan maigari. Ba ɗan Tsamiya da ya riga ni zuwa Ikko."

Jirgin ƙasa ya zo wucewa a daidai lokacin, dole kowa ya jira, muna kallon juna. Da ƙarar ta lafa, Alhaji Ɗanjuma ya kira Alhassan ya tambaye shi ko gaskiya ne. Alhassan ya ce gaskiya ne, tare suka tashi. Wani tsoho daga masu riƙo ya tambaya, da gaske yake ba gatse ba, yaya matsayin sallolin da ya yi a bayana. Liman ya ce sallarsa ta yi, ba ta da wani aibi, amma tsohon bai saurare shi ba. Masu saki suka ce doka doka ce, Kukar Baƙo za ta cike gurbina da wani nata, ni in zauna a na Tsamiya, Alhassan a na biyu, hannu ya sake zuwa daidai. A lissafi haka ne. Amma yanzu ba maganar hannu ake ba. Shekaru suna jayayya a kan ko irina zai hau tabarma, ga shi ashe yana kai tun tuni, yanzu kuma ana so su zauna da shi da saninsu.

Alhaji Ɗanjuma bai yi zagi ba. Ya ce, "Alhaji, da ka bar mu cikin duhunmu." Ya sa takalmi ya fita, mutanensa suka bi shi. Alhassan ya tsaya a bakin ƙofa kaɗan, ya dube ni, sannan ya bi su, don wurin sauke albasa yana hannunsu.

Illa ya warke, ko da yake yana ɗingishi. Yana zaune a ɗakin baƙi na ɓangarenmu, yana ce mini Kawu, har yanzu in na shigo sai na hana shi sauka ƙasa. Na yi magana da Hadiza ta waya, muka yi kuka, ta ce kada in zo gida tukuna, maganar ta isa can kuma ba ta yi daɗi ba. Wasu da na sha shayi da su shekara ashirin yanzu daga nesa suke ɗaga mini hannu. Ko a cikin masu saki akwai wanda ya daina tura mini ciniki, ya ce ba asalin ne ya dame shi ba, ƙaryar ce, ban kuwa iya musa masa ba. Ban sake jan salla ba, ba wanda ya hana ni, ba kuma wanda ya sake cewa in shige gaba.

An yi ƙoƙarin sulhu sau biyu, bai yiwu ba. Tun daga ranar Tabarma biyu ce a Agege, kowace da ɗakin baƙinta da masu haƙa kabarinta. Baƙon da ya sauka daga ƙasarmu yanzu, kafin a ba shi ruwa, sai an tambaye shi wacce zai je.